Gida Mai Lamba Sha Bakwai

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Yau kwananmu arba'in da ɗaya a aji biyu na wannan makaranta, tun da rikicin zaɓe ya koro mu daga gida. Littafin nan a ƙarƙashin teburin malami na tsince shi. Wani ɗalibi ya cika shafi uku da lissafi, zaɓe ya zo ya katse shi. Na yage su.

Iyali shida ne a ɗakin, an raba mu da tamfol, kowa na jin tarin kowa. Tagar da ta fashe an liƙe ta da fastocin zaɓe, na wanda aka ce ya ci da na wanda ya ce shi ya ci. Su biyun suna tare mana iska kafaɗa da kafaɗa, suna murmushi. Aiki na farko ke nan da na ga sun yi wa talaka, kuma tare suka yi shi.

Jiya masu farar mota, wato 'yan ƙungiyar agaji, sun tara mu a filin ƙwallo. Wai gari ya lafa, kafin ƙarshen wata za a fara mayar da mutane gida. Uwargida ta damƙe hannuna a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara talatin da takwas. Ta ce, "Malam, Auta zai huta da gadin gida."

Na ce haka ne.

Talata, 4 ga wata, bayan azahar

An aiko kirana ofishin shugaban makaranta, inda Mai Rajista take zama. Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, tana sa riga mai aljihu takwas, kuma kullum biro ɗinta ɓacewa yake.

"Baba, a rajista na ga an rubuta kai mai zanen taswira ne a ofishin safiyo."

"Da ke nan. Yanzu ni mai bin layin bokiti ne."

Ta yi dariya, ta shimfiɗa wani babban hoto a tebur. Unguwarmu ce, an ɗauko ta daga sama. Ta ce injinsu ne ya ƙirga gidaje: duk inda kwano ya yi ƙyalli ya sa lamba, inda bai yi ba ya rubuta fili. Na bi layinmu da yatsa. Gida arba'in ne a layin, tun ina saurayi na auna su. Injin ya samu ashirin da uku.

Na ce, "'Yata, wanda ya ƙona gida bai bar masa rufi ba. Gidan da wuta ta tsallake kuma, an hau an kwashe kwanon. Injinku gidajen waɗanda ba su gudu ba ya ƙirga."

Ta shiga laluben aljihu. Can ta ce ita ma ta yi zargin haka, amma hoton ya riga ya isa hannun hukuma. Hukuma kuma ta ce duk inda aka rubuta fili, katafila za ta baje shi kafin mutane su koma, a faɗaɗa titi. An ba ta zuwa Juma'ar mako mai zuwa ta kawo gyara, a zane da hannu, kowane gida da sunan mai shi. Wanda gidansa ba ya kan taswira, ba zai hau motar komawa ba.

Na ce ta kawo takarda babba, da rula, da fensir mai tauri. Ta kawo rular da bakinta ya guntule da fensirin yara mai hoton kyanwa. Shekara talatin da uku ina zana wa gwamnati ƙasarta, ga abin da na ƙare da shi.

Laraba, 5 ga wata, da la'asar

Hannu bai manta ba. Wannan ya ba ni haushi, ban san dalili ba.

Na fara daga famfon bakin layi. Kafin hantsi labari ya zaga, mutanen layinmu suka cika ɗakin gwaje-gwaje inda aka ba ni tebur. Kowa gidansa ya girma a sansani. Tela ta rantse ɗakinta uku ne.

Na ce, "Biyu ne da kicin. Ni na auna filin tun mahaifinki na da rai."

"To Malam Safiyo, tunda duk sun ƙone, sa uku mana. Toka ai ba ta gardama."

Aka fashe da dariya, har ita. Sai kuma ta rufe fuska da gyale ta fita. Na sa mata biyu da kicin.

Mai kayan miya ya tuna min kwatar da ke bayan lamba tara. Direba ya ce kar in manta da dakalin da ake zama a ƙofar gidansa. Ban manta ba. A kan dakalin nan aka fara musun zaɓe, wata shida kafin a yi shi, ana sha da shayi ana tafawa.

Na kai lamba sha shida. Na tashi na sha ruwa. Na dawo na zana sha takwas.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe goma na safe

Fensirin sai karyewa yake. Ban zana sha bakwai ba.

Juma'a, 7 ga wata, da hantsi

Na je aski. Wanzami ya kafa kujerarsa a gindin dalbejiyar bayan tankin ruwa. Shi ne na ƙarshe da ya fito daga layinmu, sai a kwana na tara ya iso nan, ƙafa ba takalmi. A bayan wannan tankin ya ja ni gefe ranar. Abin da ya faɗa min ba zan rubuta ba.

Ya shafa min sabulu, ya jira sai da ya ɗora aska a maƙogwarona.

"Ka gaya mata?"

"Yi askinka."

"Aska na wuyanka kana min tsawa. Boko dai bai yi ba." Ya ja askar a hankali. "An ce ka tsallake gidanka."

"Masu cewa ba su da aiki."

"Malam Safiyo, katafila ba ta san gindin lemo ba. Ba ta san akwai wanda ke kwance a wurin ba. Maƙwabcinka Mai Walda da kansa ya haƙa, da shebur ɗinka, don hanya a rufe take, ba yadda za a kai shi inda ake kai mutane. Ni na riƙe masa fitila. Ka bari a bi ta kansa da ƙarfe?"

Na tashi da rabin gemu. Har yanzu haka yake, uwargida ta dube ni ta kau da kai.

Ranar da muka fita, Auta ne ya ce mu tafi, shi zai tsaya. Ya ce kwana biyu ne kowa zai gaji. Shekararsa ashirin da shida, gyaran firji yake yi, bai ma je jefa ƙuri'a ba saboda yana da aiki. Uwarsa ta riƙe rigarsa a ƙofa. Ni ne na ce ta sake shi. Na ce gida ba ya zama ba namiji. Na ce ya kula min da akwatin kayan aikina.

Na ce ya kula min da akwati.

Asabar, 8 ga wata, da yamma

An raba sabulu. Katinmu na mutum uku ne, haka na rubuta ranar da muka zo, don haka uku aka ba mu. Uwargida ta sa ɗaya cikin bargo na uku, wanda take ninkewa kowace safiya ko da ba wanda ya rufa da shi. Ta ce na Auta ne, ƙila ruwa ya taɓa nasa.

Ta ce, "Lemon nan yanzu ya yi 'ya'ya. In dai ya tuna ya ba shi ruwa. Ka san shi da mantuwa."

Na ce na sani.

Ta daina tambayar me ya sa bai kira waya ba. A farko kullum ne. Na ce mata an yanke layi a unguwar, ta yarda. Mace ce mai yarda. Shekara talatin da takwas in na ce ruwa zai sauko, shanya take kwashewa.

Yanzu yawan zamanta wurin matar Wanzami ne. Na ce ta rage, matar surutu gare ta. Ta ce to.

Lahadi, 9 ga wata, tsakar rana

Manya sun zo da motoci tara da masu ɗaukar hoto. Aka share filin ƙwallo, aka jera mu a rana. Wani mai babbar riga ya ce mu yafe wa juna, mu manta da baya, duk uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ya miƙa wa wata tsohuwa buhu, ya riƙe gefe ɗaya bai saki ba sai da aka gama ɗaukar hoto.

Na san mahaifinsa. Ajinmu ɗaya, ni nake yi masa lissafi. Ni aka aika kwas har ƙasar waje in koyo yadda ake auna tudu da kwari, na dawo ina ɗauka idan aka zana iyaka daidai, mutane za su zauna lafiya. Ashe alƙalami yana raba fili ne kawai. Abin da ke cikin ƙirji ba shi da ma'auni.

Na gama layin har lamba arba'in. Na shiga layin bayanmu. Ban zana sha bakwai ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mai Rajista ta zo duba aiki. Ta daɗe tana kallo, ta ce ba ta taɓa ganin hannu irin wannan ba. Sai yatsanta ya tsaya.

"Baba, daga sha shida ka faɗa sha takwas."

"Fili ne."

"A rajista ka ce gidanka sha bakwai ne."

"Injinku ya ce fili ne. Ni wa da zan ƙaryata inji?"

Ta jawo kujera ta zauna. Ta ce in takardar ta tafi haka ranar Juma'a, ba mu cikin masu komawa, kuma Asabar katafila za ta shiga layin. Ta ce ita ba za ta iya zana min gida da hannunta ba, doka ta ce sai mai gida ya nuna.

"Akwai abin da kake so ka gaya min, Baba?"

"Akwai. Rularki a karkace take."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye min sabon fensir ta fita. Yarinyar ba ta da laifi. Shi ya sa na fi jin haushinta.

Talata, 11 ga wata, da la'asar

In na zana, za a sa mu a mota. Za ta sauka a ƙofar gida tana kiran sunansa, da bargo a hannu. Za ta shiga tsakar gida ta ga tudun ƙasa.

In ban zana ba, za ta ci gaba da ninke bargo. Katafila kuma ta shiga ranar Asabar.

Na yi wa gwamnati lissafin gadoji. Wannan ya gagare ni.

Laraba, 12 ga wata, bayan azahar

Masu farar mota sun kawo mutum goma daga cikin waɗanda ba su gudu ba, wai a gaisa a saba kafin a koma. Sansani ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Wasu mata suka juya baya. Direba ya tofar da yawu.

Mai Walda na cikinsu. Maƙwabcina ne, lamba sha takwas, bango ɗaya ya raba mu shekara ashirin. Ɓangarensu aka ce ya ci. Mako biyu kafin zaɓe na kira shi jahili ta kan katanga, shi kuma ya ce bokona bai saya min ko keke ba. Tun ranar ba mu gaisa ba.

Ya same ni a ɗakin gwaje-gwaje. Ya rame. Ya ajiye abu a kan tebur, nannaɗe cikin buhu. Tun kafin ya buɗe na gane kusurwar akwatina.

Ya ce, "A ƙarƙashin gado ya tura shi. Ba su gani ba."

Na tsura wa akwatin ido.

"Na yi wa wurin ƙarfe na kewaye, saboda awaki. Ina ba lemon ruwa." Ya dubi taswirar, ba ya karatu amma ya san layinsa. "Ma'aikatan hukuma sun zo sun shafa jan fenti a bangonka shekaranjiya. Na ce musu gidan mutum ne. Suka ce takarda ba ta ce ba."

Na ce, "Kana ina lokacin?"

Ya gane wane lokaci nake nufi. Ya ce, "Ina cikin ɗakina, Malam. Na kulle ƙofa, na toshe kunnen jikata. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Da ya yi ƙarya da na samu abin riƙewa. Ya tsaya kaɗan, ya ga ba zan miƙa hannu ba, ya fita.

Na kai akwatin makwancinmu na tura bayan tabarma. Uwargida ta shigo da ruwa, ta gan shi. Ta durƙusa ta goge masa ƙura da bakin zanenta, sama da gefe da wajen makulli. Ba ta tambayi wanda ya kawo ba.

Alhamis, 13 ga wata, da yamma

Zan rubuta yadda aka yi, tunda ba wanda zai karanta.

Da safe aka liƙa sunayen masu komawa a allon sanarwa, don kowa ya duba kafin gobe. Ina zaune gaban taswira ba abin da nake yi, sai ga uwargida. Ba ta taɓa shigowa ɗakin nan ba. Tana rungume da akwatin. Ta ajiye shi, ta rufe ƙofa.

"Malam, ba mu a takarda. Tela ta karanta min har sau biyu."

"Kuskure ne. Za a gyara."

"Shekara talatin da uku ba ka yi kuskuren layi ɗaya ba. Ka faɗa min har kunnena ya gaji."

Na fara maganar inji da hoton sama. Ta ɗaga hannu.

"Matar Wanzami ta gaya min tun kwana na goma."

Na ji kamar an zare kujerar. Na ce, "Bargon fa? Sabulun fa?"

"Kallona kake yi duk safiya in ina ninkewa. Da na daina, da ka gane na sani. Na ga ka ɗauki abin nan kamar mai ɗauke da ƙwai a kasuwa, ɓoye min shi ne kawai yake tayar da kai daga tabarma. Na ce in na karɓe maka, me zai riƙe ka? Ga hawan jini." Ta gyara mayafinta. "Kukan na yi shi. A bayan tanki, kullum, lokacin da kake layin bokiti. Amma ban san wautarka ta kai ka ba katafila ɗana don kada in yi kuka ba."

Na ce, "Ni na ce ki sake shi."

"Na sani, ina wurin. Ni kuma na sake shi. Hannuna ne ya buɗe, ba naka ba. Za mu zauna mu raba laifi ne har Asabar ta yi? Buɗe akwatin."

Na buɗe. Komai na nan yadda na bari, kamfas, da rular ƙarfe, da fensirori a cikin kyallensu. Ya ɗaure su da robar da yake ɗaure wayoyin firji.

Ta ce, "Zana."

Na zaro fensir daga kyallen. Na ja bangon gaba. Na ja zaure, da ɗakinmu, da nasa. Tana tsaye a kaina kamar sufeto.

"Ƙofar kicin ba nan take ba, ta fi kusa da rijiya."

"Ni na auna gidan nan."

"Ni na share shi."

Na goge na gyara. Ita ce da gaskiya.

Na sa alamar bishiya. A aikinmu akwai alamar komai, ta rijiya, ta gada, ta turken waya. Akwai kuma wata ƙarama, mai kusurwa huɗu, wadda duk direban katafila ya san ba a bi ta kanta. Na zana wa mutane ita sau ɗari ban taɓa tunanin ko su waye a ciki ba. Na zana ta a gindin lemon.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Rubuta sunansa. Ba Auta ba. Sunan da aka raɗa masa."

Na rubuta. Yana kan taswira. A nan ba zan iya ba tukuna.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na miƙa. Mai Rajista ta bi layin da yatsa, sha biyar, sha shida. Ta tsaya. Ta karanta abin da ke gindin bishiyar. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Mutum nawa za su hau mota, Baba?"

"Biyu. Ɗayan yana can."

Ta gyara katin. Doka ta ce a karɓi bargo na uku. Ta laluba aljihunta takwas, ta ce biro ɗinta ya ɓace, sai wani lokaci.

Asabar, 15 ga wata, da la'asar

Wanzami ya ƙarasa min gemun. Ya ce an ga katafila ta shiga layinmu ta fita, ba ta taɓa ko bulo ɗaya ba. Ya ce ashe boko na da rana. Na ce ya yi askinsa.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Motoci sun jeru a bakin ƙofa. Mu ne a ta huɗu. An kwance tamfol, ɗakin ya koma aji. Mutanen nan biyu na fasta suna nan a taga suna murmushi, ba wanda ya ce zai tafi da su.

Ban san abin da zan ce wa Mai Walda ba. Ban yafe ba, kuma ban san wa zan fara yafe wa ba. Amma akwai shebur ɗina a wurinsa, dole in je in karɓa, kuma ba a karɓar abu a hannun mutum ba a gaisa ba.

Kayanmu ƙulli biyu ne da akwati. Uwargida ta ba Tela bargo na uku. Sabulun ta riƙe. Ta kuma ƙi sakin shuɗin bokitin nan da na yi wata biyu ina bin layi da shi. Na ce ta bar shi, ya tsage a baki, mota ba wuri.

Ta ce, "Na lemo ne. Mai Walda ya yi iya ƙoƙarinsa, amma bai san yawan ruwan da yake sha ba."

Ana kiran lamba sha bakwai.